Kujerar Dogara

Ka zo da kaset, Tanimu,
wanda ka tono a kwalin takalma a Cikaji,
kana tambaya: bayan Dogara ya ajiye sanduna,
wa ya fi a cikin ukun da suka hau kujerarsa?
Zauna tukuna. Janye ƙafarka daga wayar walda.

Uwar Maƙera ake ce mana.
Kiɗan ƙarfe muke yi, irin wanda maƙwabta
ke aiko yaro ya ce, wai lafiya?
Ni ke riƙe da jita mai tsirkiya huɗu,
shekara goma sha ɗaya a gefen ganguna.
Can kunnena na hagu ya mutu,
don haka na biya kuɗin bakin da zan sa.

Yashim ya fara hawa, ɗan Samaru mai karatun lissafi.
Feda biyu a ƙarƙashin ƙafarsa
kamar keken tela ana gobe salla.
Bai taɓa tsallake bugu ba,
ban kuma taɓa ganin gumi a rigarsa ba.
Juya gefen farko ka ji:
miƙe yake sak kamar layin dogo ya bar tasha,
tarago na bin tarago,
sai dai leƙa taga, ba fasinja.
Na so shi duk da haka.
A bayansa ko barci nake ba zan ɓata hanya ba.

Ilu kuwa daga gidan makaɗan mahauta ya fito, a Tudun Wada.
Kalangu ya yaye shi,
ya zo yana neman gangar Bature ta yi Hausa.
Gaggawa gare shi, ya kan bar mu a Kwangila
shi ya kai Hanwa.
Faranti uku na tagulla ya fasa mana,
na huɗun ya sayar ya biya haya.
Amma daren nan a Kongo da aka ɗauke wuta,
jitoci suka mutu a hannunmu kamar kifi a tudu,
Ilu bai ɗaga kai ba.
Minti ashirin shi kaɗai cikin duhu,
yana kiran sunayen mutane da fata da sanda,
wani a baya na amsawa, na'am!
Ba wanda ya nemi ƙofa.
Washegari bai zo gwaji ba. Jibi ma haka.

Sai Rifkatu, daga mawaƙan coci a Wusasa,
da warin asibitin Shika a hannun rigarta.
An yi dariya ranar farko. Har da ni.
Ba ta da ƙafar Yashim, ba ta da haukan Ilu.
Inda su za su zuba goma, uku take sawa,
ta bar rami a tsakani,
ramin nan kuwa ya fi dukan nauyi.
Ita kaɗai ta taɓa juyowa ta dube ni
don ta ji inda zan sa ƙafa.
Amma lokacin zauren ya riga ya bushe,
mutum tara, mai gadi na goma.
Babu ita a kaset ɗinka. Babu ita a na kowa.

Ku kuma kullum Dogara, Dogara.
Bari in gaya maka, tunda ya koma kiwon kaji a Giwa ba zai ji ba:
Dogara na ɓata bugu sau biyar a dare.
Gwiwoyinku na wancan lokacin kuke kewa,
da gashin da ke kanku.

Wa ya fi?
Riƙe min ƙyauren nan, mai shi da la'asar zai zo.
Miƙo guduma.
Wannan jerin na Yashim ne.
Wannan da na kusa dukan yatsanka, Ilu ke nan, yi haƙuri.
Yanzu kasa kunne,
kafin gudumar ta sake sauka.
Ka ji?